Wa Ke Biyan Kuɗin Asibiti, Wa Ke Sa Ido a Kan Masu Magani?

Tambaya: "Malam, ni ɗalibi ne mai karatun aikin jinya. Ina jin ana cewa a wasu ƙasashe mutum zai shiga asibiti a yi masa tiyata ya fito bai biya ko sisi ba, a wasu kuma ciwo ɗaya sai ya raba mutum da gidansa. Shin dalilin shi ne a na farko asibitocin na gwamnati ne, a na biyu kuma na 'yan kasuwa? Sannan wa ke hana likita ko mai sayar da magani yin abin da ya ga dama?"

Ɗan'uwa, ka yi tambayar da ya kamata a ce da ita ake buɗe karatun aikin lafiya, sai dai zaton da ka yi game da mallakar asibiti bai kai ga gindin maganar ba. A Kanada mutum ba ya biyan likita idan ya je ganinsa, alhali yawancin likitocin masu zaman kansu ne, gwamnatin lardi suke aika wa takardar neman biya. A Japan akasarin asibitoci ba na gwamnati ba ne, kuma tun 1961 kowa yana da inshora. Akwai kuma ƙasashe da dama da gwamnati ce ta gina asibitin, ita ke biyan albashi, amma majiyyaci sai ya sayo allura da safar hannu da zaren ɗinki kafin a taɓa shi. Don haka rabu da sunan da aka rubuta a allon ƙofa, ka bi sawun kuɗin: yaushe ake karɓarsa daga hannun jama'a, a ina ake tara shi, kuma da wane sharaɗi yake shiga aljihun mai yin maganin.

Me ya sa tun farko ba a bar lafiya ga ciniki yadda aka bar takalmi da waya ba? Ciwo ba ya sallama, kuma ba ya rabuwa daidai a tsakanin mutane. In ka ɗauki mutum dubu a shekara guda, mafi yawansu ba za su buƙaci komai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, 'yan ƙalilan kuma za su buƙaci abin da ya fi ƙarfin zuri'arsu baki ɗaya. Ƙididdigar Amurka ta daɗe tana nuna cewa kashi 5 cikin 100 na jama'a su ke cinye kusan rabin kuɗin da ake kashewa a kan lafiya, kuma ba wanda ya san ko shi ne zai faɗa cikinsu bana. Ga kuma matsala ta biyu: mai sayen bai san abin da yake saye ba. Wanda zai sayar maka da aikin shi ne kuma zai gaya maka ko kana buƙatarsa, a lokacin da kake kwance cikin zafi, ba halin taya farashi, ba halin zagawa ka ji na wani. Masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya warware wannan a rubuce a 1963, kuma kusan duk abin da ake yi na inshora da na dokokin lafiya ƙoƙari ne na toshe waɗannan ramuka biyu.

Mafi munin hanyar biyan kuɗin lafiya ita ce wadda ta fi sauƙin fahimta, wato ka biya daga aljihunka a ranar da ciwo ya kama ka. A ranar ce ba ka iya fita nema, a ranar ce kuma ake neman mafi yawa a wurinka. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2017 ya ce kimanin mutum miliyan 100 ne kuɗin magani ke jefawa cikin matsanancin talauci. Wannan lissafi ma bai haɗa da waɗanda suka haƙura suka zauna a gida ba, domin wanda bai je asibiti ba bai kashe komai ba, ba zai fito a ƙididdiga ba. A shekarun 1980, lokacin da bashi ya yi wa ƙasashe masu tasowa katutu, an shawarce su da su riƙa karɓar kuɗi a bakin ƙofar asibiti. Shirin Bamako na 1987 ya yi ƙoƙarin sa kuɗin da aka karɓa ya zauna a ƙaramin asibitin don a riƙa sayen magani da shi, kuma a wasu wurare magani ya samu. Amma abin da aka tara bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da buƙata, talakawa kuma suka janye ƙafa. Da Yuganda ta soke wannan kuɗi a asibitocin gwamnati a 2001, nan take masu zuwa suka ƙaru, musamman marasa hali.

Za ka ji masu cewa in ba a sa mutum ya biya wani abu ba, zai riƙa zuwa asibiti ko da ƙaiƙayi ne ya dame shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma an gwada ta. Cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta raba dubban mutane zuwa rukuni-rukuni daga shekarun 1970 zuwa 1982, wasu ba sa biyan komai, wasu suna biyan kaso. Masu biya sun rage zuwa asibiti, haka ne. Sai dai sun rage zuwan banza da zuwan dole kusan daidai wa daida, saboda majiyyaci ba ya iya bambance su. Talakawa masu hawan jini su suka fi cutuwa. Shi ya sa nake ganin kuɗin bakin ƙofa a matsayin mugun matacin da ba ya raba tsaki da tsakuwa.

Mafita ita ce a karɓi kuɗin tun mutum yana da lafiya, a zuba a asusu ɗaya, mai lafiya ya ɗauki nauyin marar lafiya, mai hali ya tallafi marar hali, matashi ya riƙe tsoho kafin shi ma a riƙe shi. Tarihi ya bar mana manyan hanyoyi biyu na yin hakan. A 1883 Otto von Bismarck ya kafa doka a Jamus wadda ta tilasta wa ma'aikatan masana'antu shiga asusun jinya, ma'aikaci ya ba da kashi biyu cikin uku, mai kamfani ya ba da ɗaya. Kada ka ɗauka tausayi ne ya motsa shi, so yake ya janye ma'aikata daga jam'iyyar 'yan gurguzu. Har yau tsarin yana nan: ana cire kaso daga albashi, asusun ba na neman riba ba ne, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen Jamus a cikinsa suke. Hanya ta biyu ta Birtaniya ce. Bayan rahoton William Beveridge na 1942, ministan lafiya Aneurin Bevan ya buɗe hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, wato NHS, ranar 5 ga Yuli, 1948, wadda ake ɗaukar nauyinta daga harajin ƙasa, kowa kuma yana da haƙƙi a ciki ko yana aiki ko ba ya yi. Wancan mutumin da ka ji an yi masa tiyata bai biya sisi ba, ya biya, shekara da shekaru, duk lokacin da aka cire masa haraji.

Littattafan makaranta suna son jera waɗannan biyu kamar kishiyoyi, amma a aikace sun cakuɗa. Jamus tana ƙara wa asusunta kuɗi daga haraji, Birtaniya ma tun 1952 ta fara karɓar ɗan wani abu a kan takardar magani. Abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su muhimmanci, wato a duka biyun shiga dole ne.

Wannan dolen ita ce mutane suka fi ƙi, ita ce kuma ginshiƙin. Ka ƙaddara an buɗe inshora an ce wanda ya so ya shiga. Wa zai fara zuwa? Mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda, matar da ke da juna biyu. Saurayi mai jini a jika zai ce me zai yi da ita. Asusun ya cika da masu cirewa, sai a ƙara kuɗin shiga, sai masu ɗan sauran lafiya su ma su fice, sai a sake ƙarawa, har abin ya rushe. Kamfanin inshora mai neman riba ya san haka, shi ya sa in aka bar shi yake tantance mutane, ya ƙi mai tsohon ciwo ko ya tsawwala masa, a ƙarshe wanda ya fi kowa buƙata shi ke rasawa. Suwizalan tun 1996 da Holan tun 2006 sun bar inshora a hannun kamfanoni, amma sun ɗaure su tamau: kowa dole ya saya, kamfani ba shi da ikon korar kowa ko ƙara masa kuɗi saboda ciwonsa, akwai kuma asusun daidaitawa da ke ɗebo kuɗi daga kamfanin da ya tara masu lafiya ya kai wa wanda ya tara tsofaffi da marasa lafiya. Kasuwa ce, amma da takunkumi a bakinta.

Amurka ita ce misalin abin da ke faruwa idan aka bar asusu ya rarrabu. Inshorar wurin aiki ta bunƙasa a can ne lokacin yaƙin duniya na biyu, da gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni suka riƙa jawo ma'aikata da alkawarin biyan kuɗin asibiti. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Medicare don 'yan shekara 65 zuwa sama da Medicaid don marasa galihu. Dokar 2010 ta zamanin Obama ta hana kamfanoni ƙin mutum saboda tsohon ciwo. Duk da haka ƙasar tana kashe kimanin kashi 17 cikin 100 na dukiyar da take samarwa a shekara a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, kuma har yanzu miliyoyin mutane ba su da inshora. Babban dalili farashi ne: masu biya sun yi yawa, kowa yana cinikinsa shi kaɗai da asibitoci da kamfanonin magani, ga kuma rundunar ma'aikata da ba su da aiki sai rubuta takardun neman biya da musanta su.

Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi tasu matsalar daban ce. Tsarin Bismarck yana buƙatar albashin da ake iya gani a takarda. Ta ina za ka cire kaso daga manomi, ko direba, ko mai sana'ar hannu, wanda shi kansa bai san abin da zai samu gobe ba? Ƙasashe da yawa sun fara inshora da ma'aikatan gwamnati da niyyar a faɗaɗa daga baya, sai abin ya tsaya a nan, ya zama ana amfani da harajin kowa ana kare waɗanda dama sun fi kowa kariya. Waɗanda suka tsallake wannan tarko da haraji suka tsallake shi. Tailan a 2002 ta sa duk wanda ba ya cikin wani tsari a shiri guda da gwamnati ke biya daga kasafinta. Gana a dokarta ta 2003 ta ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayayyaki don asusun inshora, ko da yake jinkirin biyan asibitoci ya daɗe yana yi wa shirin tarnaƙi. Ruwanda ta yi suna da inshorar al'umma, amma in ka leƙa ciki za ka tarar shiga dole ne, gwamnati da masu ba da tallafi ne kuma ke biya wa mafi talauci. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu don lafiya, kuma 'yan ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Ko an cika ma, kashi 15 na ƙaramin kasafi ƙarami ne. Ƙasar da ba ta iya tara haraji ba za ta iya tara kuɗin lafiya ba.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi natsuwa, domin nan ne zai shafi aikinka kai tsaye, nan ne kuma 'yan siyasa ba sa waiwaya. An tara kuɗi, to ta yaya za a biya mai aikin? Kowace hanya aka bi sai ta sauya halin ma'aikaci, ko da kuwa mutumin kirki ne.

In aka ce iya aikinka iya kuɗinka, kowane gwaji da kowace allura da kowace tiyata da farashinta, za ka samu ma'aikata masu himma, layi ba ya tsawo, amma aikin da ba a buƙata zai yawaita. Ba sai likita ya yi ƙarya ba. Aikin likita cike yake da wuraren da a yi ma daidai ne, a bari ma daidai ne, kuma in yi yana kawo kuɗi, hannu zai riƙa karkata can ba tare da mai shi ya lura ba. A asibitocin kuɗi na Barazil an kai lokacin da fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwa ta tiyata ake yi, ba don matan can sun fi sauran mata wahalar naƙuda ba. Sin ta ba da darasi mafi girma. A shekarun 1980 gwamnati ta rage abin da take ba asibitocinta, ta bar su suna ɗora ribar kashi 15 cikin 100 a kan magungunan da suka sayar. Asibitin gwamnati ne, likitan gwamnati ne, amma sai ga ƙarin ruwa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ana rubuta wa mai mura, tun da da cinikin magani asibitin ke rayuwa. Sai a 2017 aka kammala soke wannan riba a asibitocin gwamnati. Koriya ta Kudu ta hango irin wannan haɗari, ta raba mai rubuta magani da mai sayar da shi a shekarar 2000, likitoci kuwa suka tafi yajin aiki.

In aka ce albashi ne tsayayye, wancan kwaɗayin ya tafi, sai wani ya maye gurbinsa. Wanda ya duba mutum goma da wanda ya duba hamsin abu ɗaya za su karɓa a ƙarshen wata. Idan albashin ma bai isa ba ko ba ya zuwa a kan kari, sai ka ga ana zuwa aiki a makare, ana tashi da wuri a tafi asibitin kuɗi, ko a riƙa karɓar na goro a ɓoye. Akwai hanya ta uku, a ba likita ko ƙaramin asibiti wani adadi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ya zo ko bai zo ba. Wannan tana sa a damu da rigakafi, tun da lafiyar mutum riba ce ga asibitin. Amma tana iya sa a riƙa gudun mai ciwo mai tsada, ko a yi saurin tura shi gaba don ya zama nauyin wani. Ga manyan asibitoci kuma, Medicare ta fara wani salo a 1983 wanda ƙasashe da yawa suka ara: a biya kuɗi dunƙule bisa nau'in ciwon da aka kwantar da mutum a kansa, ya kwana uku ko ya kwana goma. Kwanakin jinya suka ragu, sai kuma aka fara ganin ana sallamar wasu tun ba su warware ba, ana kuma rubuta ciwo ya fi yadda yake tsanani don a shiga rukuni mai tsoka.

Babu ta Allah a cikinsu, shi ya sa ƙasashen da suka ƙware suke gauraya su, su kuma riƙa bibiya. Japan ta fi burge ni a nan. Ta bar biyan aiki-aiki, ta bar asibitoci a hannun masu su, amma farashin kowane aiki da kowane magani gwamnati ce ke tsayar da shi ga ƙasa baki ɗaya, ana sake duba jadawalin kuɗin ayyukan duk bayan shekara biyu. In aka ga wani gwaji ya fara yawa fiye da kima, sai a rage kuɗinsa. Mai riƙe da asusu in ya san abin da yake yi, da farashi kaɗai yana iya juya akalar asibitoci dubu ba tare da ya mallaki ko ɗaya ba.

Tsarin aikin kansa hawa-hawa ne, kuma ka riga ka san shi: kiwon lafiya matakin farko kusa da jama'a, babban asibiti mai tiyata da gadaje, sannan asibitin ƙwararru ko na koyarwa. Hikimar ita ce mafi yawan abin da ke damun mutane ana iya gamawa da shi a matakin farko da kuɗi kaɗan. A Birtaniya da Holan ba ka ganin ƙwararren likita sai likitan iyali ya tura ka, in ba larurar gaggawa ba. Taron Alma-Ata na 1978 a kan wannan ya tsaya, har da burin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Burin bai cika ba, amma waɗanda suka riƙe shi sun ga amfani. Barazil, wadda kundin tsarin mulkinta na 1988 ya mai da lafiya haƙƙin kowa, ta kafa ƙungiyoyi na likita da nas da ma'aikatan unguwa masu bi gida-gida. Habasha ta horar da dubban mata na shekara guda ta tura su ƙauyuka. Abin da ke kayar da matakin farko a ko'ina siyasa ce. Katafaren asibiti ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto, amma ba wanda ke taron buɗe albashin ungozoma ko firjin ajiye allurar rigakafi. Da ƙaramin asibiti ya rasa magani da ma'aikaci, jama'a sai su tsallake shi su cika asibitin koyarwa da zazzaɓi, ƙwararren da aka kashe shekaru ana horarwa ya ɓuge da aikin da nas za ta yi.

Sai rabin tambayarka na biyu. Tun da majiyyaci ba ya iya tantance gwani da ɗan bogi, dole wani ya tantance masa tun kafin su haɗu. Birtaniya ta kafa majalisar likitoci da rajistarsu a 1858, don a san wanda ya cancanta a kuma iya soke sunan wanda ya saɓa. A Amurka rahoton Abraham Flexner na 1910 ya tona asirin makarantun likitanci marasa inganci, aka rufe da yawa. Gyaran ya zo da hasara, domin cikin makarantu bakwai da ke horar da likitoci baƙar fata biyu kaɗai suka tsira. Haka doka take, duk lokacin da ka ɗaga matakin shiga ka ƙara inganci ka kuma rage yawa, kuma wani lokaci masu sana'ar da kansu ke son a ɗaga don kada a yi musu yawa. Ka lura da wannan idan ka ji ana gardamar ko nas ko mai harhaɗa magunguna zai iya yin wani aikin da aka saba likita ke yi. Wani sa'in kare majiyyaci ake yi, wani sa'in kare tuwo. Barin masu sana'a su hukunta junansu ma yana da iyaka. Bayan da kotu a shekarar 2000 ta samu likita Harold Shipman da laifin kashe majiyyatansa, Birtaniya ta sake lale, kuma tun 2012 kowane likita sai an sabunta tantance shi duk shekara biyar.

Dokokin magani kuwa kusan duk bayan an yi rashi aka rubuta su. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narka magani a cikin wani sinadari mai guba, fiye da mutum 100 suka mutu, da yawansu yara, sai a 1938 aka wajabta nuna cewa magani ba ya cutarwa kafin a sayar. Maganin thalidomide, wanda aka riƙa ba masu juna biyu don tashin zuciya daga 1957, ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasa. Wata ma'aikaciyar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a sayar da shi a Amurka, kuma a 1962 aka ƙara sharaɗin cewa sai an tabbatar magani yana aikin da aka ce yana yi. Abin takaici, irin gubar 1937 ce aka samu a magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara kimanin 70 a Gambiya a 2022. Ilimin yana nan shekara tamanin da ɗoriya, abin da babu shi ne ɗakin gwaji da sufeto a wurin da ya dace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Rubuta doka ba ta da tsada. Mai tsada shi ne sufeto mai albashin da zai hana shi karɓar cin hanci, da motar da za ta kai shi, da hukumar da za ta iya rufe asibitin babban mutum ba tare da an kira shugabanta a waya ba. A ganina makami mafi kaifi ma ba ya hannun sufeto, yana hannun mai asusu: asibitin da bai cika sharuɗɗa ba a cire shi daga jerin waɗanda ake biya.

Akwai wata doka da ba a cika kiranta doka ba, ita ce yanke abin da asusu zai biya da abin da ba zai biya ba. Babu ƙasar da ke iya ba kowa komai. Inda ake biya daga aljihu, kuɗi ne ke tacewa. A Birtaniya da Kanada layin jira ne, mutum yana iya shafe watanni yana jiran tiyatar gwiwa. Gara a yi tacewar a fili bisa hujja. Jerin muhimman magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitarwa a 1977, mai ɗauke da kimanin 200, irin wannan yunƙuri ne. Birtaniya ta kafa hukumar NICE a 1999 don auna amfanin sabon magani da tsadarsa, kuma ta shafe shekaru tana amfani da ma'aunin fam 20,000 zuwa 30,000 a kan kowace shekara guda ta rayuwa cikin ƙoshin lafiya da maganin zai ƙara. Mutane suna jin ɗacin a sa wa rai farashi, ni ma ina ji. Amma kuɗin da aka kashe a kan maganin da zai ƙara wa mutum ɗaya makonni, daga wani wuri aka ɗebo shi, kuma wanda aka ɗebe wa ba ya fitowa a jarida.

Tailan ta yi wannan a bainar jama'a. Da ta fara shirinta a 2002 ba ta sa wankin ƙoda a ciki ba, saboda lissafi ya nuna zai iya haɗiye asusun. Masu ciwon ƙoda da iyalansu suka yi ta matsa lamba, masana suka sake zama da alƙaluma, a 2008 aka shigar da shi, da sharaɗin a fara da wankin da ake yi ta ciki a gida kafin na inji a asibiti, domin ba ya buƙatar injuna da ma'aikata masu yawa, kuma mutumin ƙauye ba sai ya riƙa zaryar birni sau biyu ko uku a mako ba.